Waƙar Mai Fito

Ɗakin Inna shi ne mai taga a bakin titi, kuma ɗanta ya daɗe da sa masa ido, yana so ya fasa bangon ya buɗe shagon gyaran waya. Abin da ya hana shi matarsa ce. Ta ce muddin tsohuwa tana cikin hankalinta, ba mai mayar da ita ɗakin baya, inda ake jibge tsofaffin tayoyi, ƙofar ma ta waje ake kulle ta da kwaɗo. Shi kuwa kullum sai ya kawo sabuwar shaida: yau ta bar famfo a buɗe, jiya ta kira shi da sunan mahaifinsa. Inna tana jin su sarai, ta dai yi kunnen uwar shegu.

Ranar hutu da la'asar suna falo ana kallon wani fim na mutanen da, masu takubba da jiragen ruwa. Sai wata murya ta ɗauko waƙar wani mai fito da ya ƙetarar da kowa ranar ambaliya, shi kuma ruwa ya tafi da shi. Inna ta ajiye kofin da ke hannunta, bakinta ya kama bin waƙar tun kafin ta sani. Daɗi ya rufe ta har ta ji ƙwalla.

"Ai wannan waƙar kakata ce!" in ji ta. "Sun ma yanke ta. Akwai baitin ƙarshe, inda uwarsa ke tsaye a bakin gaɓa tana kiransa har muryarta ta dishe."

Surukar ta kanga wayarta jikin talabijin don ta gano mata waƙar, ta jira, ta karanta. "Inna, nan an ce bara wani ya rubuta ta saboda fim ɗin."

"Ya dai tsinta, 'yar nan. Da ita na yi goyon mijinki. In yana zazzaɓi ba ya barci sai na kai masa ƙarshenta."

Surukar ta juya wajen mijin. "To kai fa, ka san ta?"

Inna ta dube shi hankalinta kwance. Wannan kam ba abin gardama ba ne. Ya ɗauki rimot, ya jujjuya shi, ya rage sauti.

"Ban taɓa jin ta ba," ya ce. "Kin gani ko? Abin da nake faɗa miki ke nan. Yau waƙa ce, gobe ta fita titi neman kakarta."

Surukar ta sunkuyar da kai, ta sallama masa.

Washegari da safe aka yi kwasan kaya. Inna tana zaune kan kujerar roba a tsakar gida, buhun tufafinta a gabanta. Ita kanta ta fara shakka, tsoro ya kama ta: ko dai da gaske kan nata ya taɓu? Ɗan ya fito da katifarta a ka, fuska sake, aiki na tafiya yadda yake so. Yana wucewa ta gabanta ta ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Baitin uwar ne a bakin gaɓa, wanda babu shi a fim.

Ta bari ya jefa katifar kan tayoyin ya dawo.

"Ka yi sauri a wajen kiran," ta ce. "Sau uku take kiransa, ba sau biyu ba."

Ya tsaya cak. Ya waiga ya ga matarsa tana can kicin, famfo na zuba, ba ta ji ba. Sai ya ɗauki buhun.

"Tashi mu je, Inna," ya ce. "Kwaɗon yana hannuna."