Lambar Tokyo

Shekarar da Tsuneo ya ajiye aikin tuƙa bas ya sayi wata mota mai gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki, wai su zaga ƙasa shi da matarsa Kimie tun gwiwa ba ta ƙi ba. Ba su kai ga zuwa ko'ina ba annoba ta sauka. Motar ta zauna a lulluɓe har ranar da Masaji, yayan Kimie, ya bugo waya daga ƙauyensu na Akita ya ce tsohuwarsu ta daina cin abinci.

Jirgin ƙasa ba abin shiga ba ne a lokacin, masaukai kuma sun daina karɓar mutanen Tokyo. Kimie ta loda shinkafa da busasshen kifi da bargo, suka kama hanyar arewa. A mota suke girki, a mota suke kwana, ba su shiga gidan kowa ba. Duk da haka, inda duk suka tsaya sai an fara kallon lambar Tokyo da ke jikin motar kafin a kalli fuskarsu. A wani wurin hutawa Tsuneo ya fito da safe ya tarar an ja ƙarfe a jikin ƙofar, tun daga madubi har baya.

Masaji ya tare su a bakin gadar ƙauyen, takunkumi biyu a fuska, ya ɗaga hannu tun daga nesa.

"Yaya, ni ce fa," in ji Kimie.

"Na san ke ce. Garin nan ko mutum ɗaya bai kamu ba. Kin ji abin da aka yi wa mutanen gidan Odagiri da ɗansu ya dawo da cutar? Har tagoginsu aka farfasa, yanzu sun bar garinsu. In wani ya yi tari bayan kin shigo, ke Tokyo za ki koma. Ni a nan za a binne ni."

"To me kake so in yi?"

"Ku killace kanku mako biyu a bakin kogi. Mama za ta jira ki."

Filin da masu yawon hutu ke kafa tanti a bakin kogin an ɗaure shi da igiya, ciyawa ta kai ƙugu. Nan suka ajiye motar. Kullum da safe Harue, matar Masaji, takan ajiye musu kwanon dafaffen kabewa ko gwangwanin ruwa a kan wani dutse, ta sunkuya ta gaishe su, ta juya da sauri. Tsuneo ya kama kamun kifi.

"Ga shi dai mun yi yawon da muka sayi motar dominsa," ya ce da ita wata rana.

"Baban yara, ka bar ni."

Idan ta hau rufin motar tana hango shuɗin kwanon gidansu a bayan gonakin shinkafa. Tafiyar da ba ta kai shayi ya huce ba. Da yamma Masaji yakan kara wa tsohuwa waya a kunne.

"Kimie, kin iso?"

"Ina hanya, Mama."

"Hanyar nan taki da nisa take."

Daga baya Masaji ya fara cewa tana barci. Washegari ma tana barci. Harue ta ajiye kwano ba ta ko ɗaga kai ba. Kimie ta ce a ranta Yaya ba zai yi mata haka ba.

Ana saura kaɗan wa'adin ya cika, da hantsi, ta hau rufin motar ta ga mutane cikin baƙaƙen kaya suna fitowa daga gidansu, a jere, sun nufi wurin ibada. Ba ta kira Tsuneo ba. Ta sauko, ta tsallake igiyar, ta haye gadar da takalmin ɗaki a ƙafarta.

Da ta iso, jerin ya dare mata kamar an watsa ruwan zafi. Tsofaffin da suka goya ta tana jaririya suka ja da baya, suna danna takunkumi a hanci. Masaji na gaba, rungume da ƙaramin farin akwatin ƙasusuwan mamaci a ƙirjinsa.

"Yaushe?" ta tambaye shi.

"Shekaranjiya da asuba. Jiya aka ƙona gawar." A al'adarsu, iyalin mamaci ne ke tsince ƙasusuwansa daga cikin toka.

"Wa ya tsince ƙasusuwanta?"

"Ni da Harue, da maƙwabta."

"Maƙwabta."

"Sun ce in kin zo ba mai taka gidan. Kina so a kai Mama ba kowa a bayanta? Shekarun nan da nake wanke ta ina ba ta abinci a baki, kina ina? Ba na so mu yi wannan a nan, Kimie."

Ta miƙa hannu za ta taɓa akwatin. Bai hana ta ba, amma ya kau da fuska gefe, ya riƙe numfashi. Ta ga haka sarai. Ta janye hannun.

Tsuneo ya same ta a tsakiyar gada, ya cire rigarsa ya yafa mata. Ranar suka naɗe kayansu.

Da suka koma Tokyo suka je aka gwada su, ba wanda ke ɗauke da komai. Tsuneo ya ce ta sanar da yayanta. Ta ce ba shi da amfani.

Bayan annoba ta lafa, Masaji ya kira ta bikin tunawa da tsohuwa, har ya ce an gyara mata ɗakinta na da. Ta je. Ta sa Tsuneo ya ajiye motar a ƙofar maƙabarta, ta zuba ruwa a kan dutsen kabarin, ta kunna turare, ta daɗe a tsugune. Harue ta zo ta ce abinci na jira a gida, mutanen gari duk sun hallara suna son gaishe ta.

"Ki gaishe su," in ji Kimie. "Mun ci a hanya."