Rogon Lambun Dogo

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, 'yan shekaru bayan zuwan Nasara, mutanen Bungudu sun ci abin da a da ko akuya ba a ba ta. An ci dusa, an ci tafasa ba gishiri, an jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci an ci. Masu ƙarfi suka watse neman hatsi. Cikinsu har da Mas'udu ɗan Malam Dogo, wanda ya kora jakinsa ya nufi Gusau, ya ce in bai samu a can ba zai yi gaba. Ya bar mutum biyar a gida: ubansa Dogo, uwarsa Luba, matarsa Wasila, da 'ya'yansa biyu, Hanatu mai shekara shida da Rabi'u da ke goye.

Abin da ya riƙe gidan shi ne lambun tsohon a bakin gulbi. Gulbin ya ƙafe, amma Dogo ya haƙa rami cikin yashi har ya tarar da ruwa, ya kafa jigonsa a kai. Tun asuba yake ja, guga bayan guga, yana shayar da albasa da rama da yalo. Waɗannan ba su ƙosar da ciki, amma suna hana mutum faɗuwa. Babu laifi mutum ya san aikinsa. Laifin Dogo shi ne ya ɗauka duk abin da ya shafi ƙasa da shuka, in bai san shi ba to babu shi.

A jikin shingen lambun akwai rogo sahu uku. Wani farke da ya dawo daga ƙasar Nupe ya ba Dogo karan, ya karɓi albasa. Fari bai kashe shi ba. Gafiya ta tone rogon maƙwabta kaf, amma wannan ko kusa da shi ba ta zo ba. Dogo ya ce albarka ce.

Hanatu 'yar fari ce, saboda haka tun da aka yaye ta kakanninta suka ɗauke ta. A ɗakin Luba take kwana, a lambun Dogo take yini. In ya zuba guga, ita ke bin ruwan tana buɗe masa hanya da hannu daga fangali zuwa fangali.

"Amarya," in ji shi, "yau ma ba ki yi mani tuwo ba?"

"Kawo geron mana. Miji ba gero sai gemu."

"To, zan sake ki."

"Sake ni, in ga mai buɗe maka ruwa."

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. A duk shekarar nan ba wanda ya sa shi dariya sai ita.

Uwarta Wasila mutuniyar Tsafe ce, kuma ba a taɓa kawo mace mai kunya irinta a unguwar ba. Ba ta taɓa kiran sunan Hanatu ba, sai dai ta ce "waccan". In yarinyar ta faɗi ta fasa gwiwa a gabanta, kawar da kai take yi, wani ya ɗaga ta. Surukinta kuwa bai san muryarta ba sai a gaisuwa, tana durƙushe, fuska a ƙasa. Tsofaffin mata suna ba 'ya'yansu misali da ita.

Wata rana Luba ba ta jin daɗi, ta aiki Wasila lambu ta tsinko rama lokacin da tsohon ya tafi masallaci. Nan ta ga rogon da kyau karo na farko. Ta karya ganye ta sunsuna, ta tone gefen saiwa ɗaya da farce, ta ɗora a harshe, ta tofar. Ta san shi. Ubanta farke ne, ya taɓa kawo irinsa Tsafe. Ba a cinsa ɗanye kamar rogon gida, ba a dafa shi a ci nan take. Sai an fere shi, an jiƙa kwana huɗu ana sake ruwa, an shanya, an daka. Tana yarinya ta ga tunkiyarsu ta sha ruwan jiƙon, kafin a nemo wuƙa ta mutu.

Ta dawo gida ta durƙusa a ƙofar ɗakin Luba.

"Inna, rogon nan na lambu, ba irin namu ba ne. Mai ɗaci ne. Sai an jiƙa shi kamar anza."

Luba ta dube ta. "Rogo ne ko anza?"

"Rogo ne, Inna. Amma yana kisa."

"Shekara hamsin Malam na lambu. Ke da aka haifa jiya, ke za ki gaya mashi mi ake ci?"

"Ni ba zan iya gaya mashi ba. Shi ya sa na zo wurinki."

Da yamma Luba ta gaya masa, amma a matsayin abin dariya ta kai maganar. Wasila tana madafa, tana jin su. Dogo ya ce mutanen Tsafe duwatsu suka sani, ba shuka ba. Ya ce jibi Alhamis zai tone sahun farko, kuma amaryarsa ce za ta fara ci, domin ita ta shayar da shi.

Kwana biyu Wasila tana juya abin a ranta. Ta sake gwada Luba, Luba ta ce, "Tun da kika zo gidan nan ban taɓa jin kin damu da cikin kowa ba, sai yau da aka ce waccan za ta ci. Ashe kunyar ta baki ce." Wasila ta koma madafa. Ta so ta ja yarinyar gefe ta gargaɗe ta, amma shekara huɗu ba su yi maganar da ta wuce "kawo" da "kai" ba, kuma da ta ƙyafato ta da hannu, Hanatu ta ruga bayan kakarta. Ta yi tunanin ta je ta tone rogon ta zubar, sai ta tuna abinci ne, kuma bayan shi babu wani. Ta yi ta duban hanyar Gusau. Mas'udu bai zo ba.

A nan zan faɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Kunya ado ce, kuma gidan da ba ta ya zama kasuwa. Amma mutum ya yi kwana biyu yana auna ran ɗiyarsa da abin da mata za su faɗa a bakin rijiya, wannan ba kunya ba ce, tsoron mutane ne. Waɗanda suka koya mata haka suna da nasu kason.

Ranar Alhamis da hantsi Dogo ya saɓa hauya, Hanatu na biye da ƙwarya. Wasila ta jira kaɗan, ta gyara goyon Rabi'u, ta ɗauki tulu kamar za ta ɗebo ruwa, ta bi su daga nesa.

Ta tarar ba su kaɗai ba ne. Masu lambunan kusa, Tambaya da Usman, sun zo ganin rogon da gafiya ta ƙi. Suna zaune a gindin tsamiya. Dogo ya tone saiwa shida manya, farare tas, ya fere ɗaya da wuƙarsa, ya yanko tsakiyar.

"Amarya, karɓi sadakinki."

"Wannan ɗan guntun? Ashe arha gare ni."

Mazan suka yi dariya. Wasila tana bayan shinge, tulu a ka. Ta ga yarinyar ta kai baki, ta gatsa, ta yamutsa fuska.

"Tsoho, da ɗaci."

"Yunwa ta fi shi ɗaci. Haɗiye."

Ta haɗiye. Ta sake kai baki.

Tulun ya faɗi ya fashe. Wasila ta keta shingen ƙaya, zanenta ya yage, ta ce, "Hanatu, tofar." Ta buge rogon daga hannunta, ta kama wuyanta ta duƙar da ita, ta zura mata yatsa a maƙogwaro. Yarinyar ta yi ta amai tana kuka, Rabi'u ma ya sa kuka a baya. Wasila ta ɗebo ruwan guga ta ɗura mata, ta sake sa ta amai, har sai da ba abin da ke fitowa sai ruwa.

Tambaya da Usman suka sunkuyar da kai suna duban ƙafafunsu. Ba su taɓa ganin suruka ta tsaya a kan surukinta haka ba, kai ba lulluɓi, tana kiran sunan 'yar fari da ƙarfi.

Wasila ta durƙusa. "Baba, ka yi mani gafara. Wallahi yana kisa. Na gani da idona. A jiƙa shi kwana huɗu, kowa ya ci."

Da Dogo shi kaɗai ne, wataƙila da ya saurara. Amma akwai maza biyu a wurin, waɗanda shekara da shekaru shi ke koya musu lokacin dashen albasa. Bai ɗaga murya ba. Bai ma dube ta ba. Ya juya yana yi wa Tambaya magana.

"Tambaya, kun ji. Wai ni zan ba jikata guba. Wai lambuna ke fid da abin kisa."

"Malam, ka bar shi," in ji Tambaya. "Kwana huɗu ba shekara ba ce."

"Kai ma ka koma almajirinta?"

Ya ɗauki ragowar saiwar ya fara ci. Haƙoransa kaɗan ne, ya ɗauki lokaci. Ya cinye, ya fere ta biyu. Usman ya riƙe masa hannu, Dogo ya fizge. Ya cinye ta biyu da rabin ta uku a kan cikin da tun jiya da rana bai ga komai ba sai ruwan rama. Ya share baki, ya tashi ya kama igiyar jigo ya ci gaba da ja, don a gani.

Ya ja guga wajen ashirin. Daga nan ya ce kansa na juyawa, ya zauna. Ya yi amai, numfashinsa ya riƙa fita da sauri. Suka ɗauke shi zuwa gida, aka ba shi tsamiya, aka ba shi rubutu. Hanatu tana kwance a tabarma kusa da shi, jikinta ya saki amma idonta biyu. Ta miƙa hannu ta ja gemunsa.

"Tsoho, tashi, ba mu gama ban ruwa ba."

Kafin la'asar Dogo ya cika. Hanatu ta kwana biyu da ciwon kai, ta warke.

Bayan an kai shi, Luba ta zauna a tsakar gida cikin mata masu gaisuwa, ta ce, "Da an bar shi da girmansa, da bai ci ta biyu ba." Ba wanda ya ce mata da an bar shi da girmansa, da ƙaramin kabari aka haƙa. Kowa ya san haka, amma ita ce mai takaba. Wasu ma suka ƙara da cewa bakin Wasila ne ya kama shi.

Washegarin sadakar uku Wasila ta sauka lambu. Ta tone rogon, ta fere, ta haƙa wani rami a yashi nesa da na jigo, ta jiƙa shi, ta rufe da ƙaya saboda awaki. Kwana huɗu tana sake ruwa. Ta shanya, ta daka, ta tuƙa. Ita ta fara ci a tsakar gida, ta zauna inda kowa ke ganinta har rana ta faɗi, sannan ta zuba wa yara. Ta kai wa Luba nata a akushi. Luba ta juya baya ta ci.

Mas'udu ya dawo kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar, ba jaki, da 'yar dawa a buhu a kansa. Uwarsa ta ba shi labari yadda ta so, Tambaya ya ba shi yadda ya gani. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito ya ce a ba shi hauyar ubansa. Bai saki Wasila ba, bai kuma yi mata godiya ba. Rogon nan sahu uku shi ya kai su damina, kuma masu lambun kusa duk sun zo roƙon karansa, har da mazan matan da suka zage ta.

Luba ta yi shekara tara bayan haka. Har ta mutu, in za ta ambaci surukarta sai ta ce "mai kiran suna". Wasila kuwa ta koma cewa "waccan". Hanatu ta girma, ta yi aure a Kekun Waje, ta haifi nata, kuma sau ɗaya tak ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta.