Waya a Cikin Bokitin Shinkafa

Tutar takarda ruwan ɗorawa ce ɗaure a bakin lungunsu, kuma duk wanda ya tashi a Jakarta ya san ba a ɗaura ta sai an yi mutuwa. Sekar ta ƙarasa da gudu ta karanta sunan da ke jiki. Na babanta ne.

"Sai yanzu?" Inna Tarmi, maƙwabciyarsu, ta tare ta tana tattara kujerun roba. "Tun safe ake nemanki, 'yar nan! An yi masa salla, sun wuce maƙabarta. Yi sauri ko kya tarar ba a rufe ba."

Ta juya titi. 'Yan acaɓa biyu na ƙarƙashin bishiya, kowa ido a waya.

"Don Allah, maƙabarta!"

"An riga an kira mu, 'yar'uwa. Nemi wani ta waya, yanzu zai zo."

Waya! Tata tana kicin, binne a bokitin shinkafa. Wata uku ke nan duk Lahadi can take tura ta a kashe, ta tafi lambun shaƙatawa da 'yar na'urar karatu da ba ta fi tafin hannu ba. Ba ta ƙara, ba ta karɓar saƙo, littattafai kawai. Baba ne ma ya saya mata. "Shekara biyu ban ga fuskarki ba sai tsakar kanki," in ji shi. "Ke da wayar nan kamar kaska da saniya."

Ta koma gida ta tona shinkafar kamar mahaukaciya. Wayar ta ɗauki lokacinta kafin ta kunnu, sannan ta hau karkarwa. Kira hamsin da takwas. Bakwai na farko daga Baba.

Mai acaɓan da ya zo ya yi iya ƙoƙarinsa, amma titi ba ya jin magiya. Ko da ta isa, an mayar da ƙasa, an watsa furanni, dangi sun fara miƙewa. Yayanta Danu na tsaye, jar laka har gwiwar wandonsa.

"Ku ba da hanya, Malama ta iso," ya ce da ƙarfi. "Shafi nawa aka ci yau?"

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Yana kiranki ya faɗi. Sau bakwai! Ke kuma kina ƙarƙashin bishiya kina gyaran hali. Da da kike manne da waya, wa ya mutu?"

Ba wanda ya ce ya yi shiru. Gwaggonsu ta kau da kai. Sekar ta durƙusa ta dafa ƙasar, har yanzu ɗanya ce. Jiya da yamma Baba ya tambaye ta inda labarin da take karantawa ya kwana, ta ce sai gobe in ta gama. Ta gama kuwa. Ta zaro na'urar daga aljihu. Shafin ƙarshe na nan yadda ta bar shi, fes, ko a jikinsa. Ta ɗaga hannu za ta maka ta da dutsen kabarin kusa.

"Wace ce Sekar?"

Wani ɗan acaɓa ne da hular kwano a hammata, ba wanda ya san shi. A hannunsa wata waya mai tsagaggen gilashi. Ta gane ta tun daga nesa, saboda robar da Baba ke ɗaure murfin da ita.

"Ni na ɗauko tsohon da safe," ya ce. "Lambun shaƙatawa ya ce in kai shi, wajenki, tunda ya kira bai samu ba. Muna hanya wani ya bugo yana yi masa tsawa kan maganar sayar da gida, har ni ina ji. Bai ajiye wayar ba ya sulale. Sunan wanda ya bugo yana nan a wayar."

Danu ya tako da sauri, ya miƙa hannu. "Kawo nan. Ni ne babba."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya karkata kai kamar mai tuno wata murya.

"Sake magana in ji," ya ce.