Kafaɗar Narelle

"Tsoro nake ji, Baba," in ji Narelle Quinlan.

Shekara goma sha shida ke nan mahaifinta Des yana horar da ita, bai taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba. Suna zaune cikin mota a bakin kogin Nepean da sassafe, shayin da ya zuba mata a murfin fulas yana hucewa a hannunta.

Sau bakwai Narelle ta ci lambar zinare ta ƙasa a tseren kwalekwalen mutum ɗaya, sau ɗaya kuma ta duniya. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take durƙusawa a kan gwiwar dama tana tuƙi ta dama, domin a wannan wasa gefe ɗaya matuƙi yake zaɓa, a kansa kuma zai tsufa. To, ga shi jijiyar kafaɗar daman ta yage. Likita ya ce allura za ta rufa mata asiri na wata biyu, abin da zai biyo baya kuwa ba ya ɗaukar alkawari. Ranar Juma'a za a rufe karɓar sunaye na gasar zaɓen tawagar ƙasa, inda za ta shiga kwalekwalen mutum biyu tare da Tegan Maddock, wadda ta shekara tara tana tuƙi ta hagu a bayanta. Tegan ba ta taɓa zuwa gasar duniya ba, shekarunta kuma ba za su jira wani zaɓen ba. Har yau Narelle ba ta gaya mata komai ba.

"Ki koma hagu mana," in ji Des, idonsa a kan sitiyari.

"Hagu biyu a kwalekwale ɗaya? Haba Baba. Sai dai mu wuni muna zagaye kamar agwagwa mai ƙafa ɗaya."

Bai yi dariya ba. Ya karɓi murfin, ya buɗe ƙofa ya zubar da shayin.

Sai ga Tegan ta iso da filafilinta a kafaɗa, ta ƙwanƙwasa gilashin motar. "Ranki ya daɗe, gimbiya, a kawo miki kogin nan ciki ne, ko za ki daure ki fito?"

"Ji tsohuwa. Wa ya taya ki saukowa daga gado?"

"Wata huɗu na ba ki, marar kunya. Fito."

Suka sa kwalekwalen a ruwa, Narelle a gaba, Tegan a baya. Des ya tsaya a gaɓa da agogonsa, ya hura usur. Mita ɗari biyun farko suka tafi sumul. Daga nan kafaɗar ta fara ci kamar an cusa mata garwashi, kowane jan filafili yana gajarta a kan wanda ya gabace shi. Narelle ta san abin da ya kamata ya faru: idan dama ta yi rauni, hagu za ta rinjaye ta, hancin kwalekwale ya karkata. Amma hancin bai karkata ba, yana nan a saitin tutar ƙarshe kamar an ja shi da zare. A lokacin ne ta kasa kunne, ta ji ƙarar da ta daɗe tana ƙin ji. A ƙarshen kowane ja, Tegan tana murɗa filafilinta cikin ruwa fiye da kima, tana mayar da kwalekwalen kan hanya, tana zubar da ƙarfinta a gyara maimakon gudu.

Da suka wuce tutar, Des ya dubi agogo, ya sa shi aljihu bai faɗi lokacin ba.

Narelle ta juya a hankali don kada su kife. Tegan tana haki, tana matsa wuyan hannunta na hagu, wanda aka naɗe da bandeji har ya kumbura ta gefensa.

"Tun yaushe?" in ji Narelle.

"Tun Maris." Tegan ta ɗebi ruwa ta watsa a fuska. "Shekara tara ina kallon ƙeyarki da bayanki, 'yar uwa. Ko mijinki bai san kafaɗar nan kamar ni ba. Kin zaci za ki ɓoye mini?"

"Me ya hana ki magana?"

"Ke me ya hana ki?"

Ruwan kogi yana ta tafiya da su kaɗan kaɗan.

"Anika Rowell tana tuƙi ta dama," in ji Narelle. "Ba ta da abokiyar tuƙi tun da tata ta koma Perth. Kwana goma sun isa ku saba."

"Waccan? Numfashinta kamar tsohuwar tarakta. Ni da ke muka fara, da ke zan faɗi in faɗuwar ce."

"Faɗuwar ce, Tegan. Daƙiƙa uku muke baya, ko Baba bai faɗa ba na sani. Ni na je gasar duniya, na gani, an ɗaga mini tuta. Ke fa?"

Tegan ta kau da kai wajen itatuwan gaɓa. "Idan kika yi mini haka, ba zan zo ki ga jaririna ba, in na samu."

"Za ki zo. Wa zai ba ki abinci kyauta in ba ni ba?"

Narelle ta dubi matashin da take durƙusawa a kai, wanda gwiwarta ta lotsa, ta shafa shi da tafin hannu. Sa'an nan ta kwantar da filafilinta a ƙetaren kwalekwalen, ta ɗaga murya yadda za ta kai gaɓa.

"Baba! Cire sunana daga takardar. Rubuta Anika Rowell a dama. Na sauka."