Ranar da Malam Obadiah Ya Ci Shari'a

Shekara ashirin da biyu Malam Obadiah ya yi yana magatakarda a wata kotun gargajiya a Kafanchan. Shi ke kiran masu ƙara, shi ke rantsar da shaidu, shi ke rubuta duk abin da aka faɗa. Lauyoyi nawa suka zo da sabuwar kwat, ko inda za su tsaya ba su sani ba sai ya raɗa musu? A bara dai ya gaji da raɗa. Yana da shekara arba'in da shida ya je ya sayi fom ɗin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ya cike cewa karatun lauya yake so.

Da sakamako ya fito, maki ɗari biyu da goma sha huɗu ya samu. Jami'ar da ya nema kuwa ba ta ko kallon mai son karatun lauya sai ya kai ɗari biyu da hamsin.

Kada wani ya ce bai yi karatu ba. Ya yi, har matarsa ta fara kishi da littattafan. Halinsa ne ya kayar da shi. Duk wanda ya san Malam Obadiah ya san babu abin da ya tsana kamar ɗage shari'a. Ya sha ganin tsofaffi sun hawo acaɓa tun daga Madakiya saboda rikicin iyakar gona, su wuni a kan benci, a ce musu su dawo bayan wata biyu. Shi a wurinsa abin da aka fara a gama shi. To, a ɗakin jarrabawa sai tambaya ta goma sha bakwai a darasin gwamnati ta tsaya masa a wuya. Yaran da ke gefensa, in tambaya ta gagare su, tsallake ta suke yi su dawo mata daga baya. Shi kuwa ya gyara tabarau, ya ce ba mai ɗage wannan. Ya saurari amsa ta farko, ya saurari ta biyu, ya auna, ya sake aunawa. Minti ashirin da biyar ya kashe a kanta. Lokacin da kwamfuta ta rufe kanta, akwai tambaya arba'in da ko leƙa su bai yi ba.

Yanzu shekara ta zagayo. An sake buɗe sayar da fom, ranar Juma'a za a rufe. Kuma bana ƴarsa ta fari, Doreen, ita ma za ta zauna. Malam Obadiah ya ce shi ya gama, kada wanda ya ƙara yi masa zancen.

Matarsa Madam Beatrice malamar firamare ce, kuma macen da ta saba da yara sittin a aji ɗaya ba ta jin tsoron fuskar mutum ɗaya. Ran Lahadi bayan sujada a coci ta dafa gwaten acca, ta aika aka kira maƙwabcinsu Alhaji Ja'afaru, ɗan kasuwar citta, abokin mijinta tun suna yara suna tsince-tsince a bakin layin dogo. Da aka ci aka sha, sai ta jawo tebur gindin mangwaro, ta ajiye kujera a bayansa.

"Alhaji, yau kai ne alƙali," in ji ta. "Na kawo ƙaran mijina. Tunda magana ba ya shiga kunnensa sai a kotu, to ga kotu."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Madam, ni citta na iya aunawa."

"Haka za ka auna wannan."

Malam Obadiah ya so ya tashi, amma da ya ga an miƙa wa Doreen littafi da biro an ce ita ce magatakarda, sai aikin ya motsa masa. "Ba nan magatakarda yake zama ba," ya ce. "Gaban alƙali, ƙasa kaɗan. Kuma ki fara sa kwanan wata." Ya gyara mata zama, ya koma kujerarsa. Shi ke nan, ya shiga shari'a ba tare da ya sani ba.

Madam Beatrice ta fara. Gaskiya ba ta iya gabatar da ƙara ba. Ta fara da azumin kwana uku da ta yi a bara, ta tsallaka zuwa matan Zumunta na cocinsu da suka riga suka fara kiranta matar barista, ta dawo kan ranar da ya fara neman aurenta ya ce mata wata rana zai sa hular lauya.

"Objekshan, ranka ya daɗe," in ji Malam Obadiah. "Alkawarin saurayi ba eviden ba ne."

"An karɓa," in ji Alhaji. "Da ana kama mutum da wannan, da dukanmu muna gidan yari."

"Maki talatin da shida kawai!" ta ce, tana buga tebur. "Baban Doreen, talatin da shida! Yaran ajina ma in sun faɗi suna sakewa. Da tsohon zuma ake magani, ko ba haka ba, Alhaji?"

Ta zauna tana huci. Sai Malam Obadiah ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa ta coci ya sake ɓallawa, ya ɗan rusuna wa alƙali.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce kotu ta yi lissafi da shi: in ya ci bana, shekara biyar a jami'a, ɗaya a makarantar horon lauyoyi, zai fito yana da hamsin da uku. A waɗannan shekarun sa'o'insa jikoki suke goyo, shi kuma zai je yana ɗaukar wa yaron da ya koyar a makarantar Lahadi jaka yana ce masa oga. Ya ce hutun karatu ba a ba da shi a baki, kuma gida mai yara huɗu ba ya tafiya hutu. Ya kawo misalin mutum biyu da ya sani, da sunansu da unguwarsu, waɗanda suka bar aiki da girmansu suka tafi karatu, suka dawo ba tsuntsu ba tarko. Duk abin da Madam ta faɗa sai da ya ɗauko shi, ya juya shi a hankali, ya ajiye shi gefe. Wasu mata biyu da suka fito daga taron Zumunta suka tsaya a bakin danga. Mai keke napep da ya sauke fasinja ya kashe injinsa.

Sai ya ba da labarin ranar jarrabawar bara. Ya ce yana cikin layi, yara gaba yara baya, mai gadi ya taɓa kafaɗarsa cikin ladabi ya ce, Baba, iyaye a waje suke jira. Matan bakin danga suka fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Amma muryarsa ta sauka.

"Wannan na haɗiye, ranka ya daɗe. Bana fa? Bana yarinyan nan za ta zauna. Wataƙila a senta ɗaya, wataƙila kujera kusa da kujera. Rizolt zai fito rana ɗaya. In ta fi ni, kuma na san kanta, za ta fi ni, da wane ido zan duba ta in ce je ki yi karatu? Uba yana da abu ɗaya da yake riƙe gida da shi. Kada kotu ta ƙwace mini shi."

Biron Doreen ya tsaya. Ta sunkuyar da kai a kan littafin, ba ta rubuta wannan ba.

Alhaji Ja'afaru ya daɗe yana shafa gemu. Ya zo ne da niyyar ya goyi bayan Madam, don gwatenta ya ci. Amma mutum ne mai tsoron Allah a kan ma'auni.

"Madam, ki yi haƙuri," ya ce. "Wallahi na so in ba ki. Amma mutumin nan bai bar mini ko ƙofar da zan bi ba. Malam Obadiah, ka ci shari'a. Ka zauna a kan aikinka, ka yi ritaya da mutuncinka. Maganar jarrabawa ta mutu daga yau, kuma kada a ƙara tayar da ita a gidan nan."

Matan bakin danga suka tafa, suka wuce. Mai keke ya tayar da injinsa. Madam Beatrice ba ta yi gardama ba, kuma kada a zaci dabara ce, ita ma maganar ta shige ta. Ta ce, "To, Ubangiji ya sa haka ne mafi alheri. Sori, Baban Doreen, ban san abin yana cin ka haka ba." Ta tattara kwanuka ta nufi kicin.

Malam Obadiah ya zauna yana jiran daɗi ya zo. Ya san yadda masu cin shari'a suke yi, ya ga dubu: wani rawa, wani kuka, wani ya rungumi ɗan sandan kotu. Shi kuwa sai ya ji kamar wanda aka yi wa sata. Tunda yake, yau ne karo na farko da ya miƙe ya yi magana alƙali na saurare, mutane suka tsaya a hanya don su ji shi. Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya taɓa zato. Kuma da wannan bakin ne ya rufe wa kansa ƙofa, ya sa aka buga hatimi. Baƙin ciki ya kama shi, na gaske.

Alhaji ya riga ya sa takalmi ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Obadiah. "A kotun nan naka, kwana nawa ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara?"

Alhaji ya tsaya da ɗaya takalmin a hannu. "Wa zai ɗaukaka? Madam ta haƙura."

"Ni."

"Kai da ka ci? Malam, ko a kasuwa ban taɓa ganin wanda ya yi riba ya dawo yana cewa an cuce shi ba."

"Lauyan da ya kare ni ya iya magana," in ji Malam Obadiah, "amma ya ɓoye wa kotu abu ɗaya. Shekaru gaskiya ne, yara huɗu gaskiya ne. Sai dai ba su ne suka hana ni ba. Tsoro nake ji, Alhaji. Shi ke nan. Kuma ban san ina son abin nan haka ba sai da ka ce ya mutu."

Madam Beatrice ta leƙo daga ƙofar kicin da kumfar sabulu a hannu.

Alhaji ya ajiye takalmin, ya koma kujerar alƙali, ya gyara hula. "An soke hukuncin farko. Amma ba ni zan yanke na biyu ba." Ya nuna Doreen da haɓa. "Ga wadda aka ambata a shari'a ba a ji ta bakinta ba."

Malam Obadiah ya juya ya dubi ƴarsa. Wannan ya fi masa tsayuwa gaban alƙali wuya.

"Gobe ƙarfe bakwai," ya ce. "Ki shirya, tare za mu je sayen fom. In ba za ki ji kunyan tsayawa layi da tsoho ba."

Doreen ta goge ido da bayan hannu, ta harare shi tana murmushi. "Dadi, abeg, wane kunya? Amma ka sani ba zan rage maka ko maki ɗaya ba. In na fi ka fa?"

Mangwaro ɗanye ya faɗo a kan tebur, ba wanda ya kula.

"In kin fi ni," ya ce, "ran Lahadi ni zan tashi a gaban ikilisiya in karanta makinki da nawa, da bakina. Naki zan fara karantawa."