Askin Tsohon Direba

Tun da 'ya'yansa suka rufe masa shagon aski, wai ya huta, Baba ya daina magana. Abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke kai shi wurin likitar damuwa, wadda maganinta hira ce.

Ranar nan likita ta tambaye shi, "Baba, yaushe rabon da wani ya ce maka na gode?"

Ya dubi hannuwansa. Auta ce ta amsa: "Ai ba ma bari ya yi komai. Ko ruwa kawo masa ake yi."

"Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke farkawa idan mutum ya ga an ji daɗinsa," in ji likita. "Nasa ya yi sanyi. Ku bar wani ya buƙace shi, shi kuma ya kalli fuskar mutumin."

Auta ta yi waya. Washegari da hantsi sai ga Direba, tsohon abokin Baba, yana dogara sanda. Ya ja kujera tsakar gida, ya cire hula.

"Aski na zo."

Baba ya daɗe yana kallon sanƙon. "Wane gashin?" ya ce, murya a dushe.

"Na bayan kunne. Yaran nan na zamani sun kusa cire min kunnen. Tashi, malalaci."

Auta ta ajiye almakashi da mataji a kan tabarma, ta koma bakin ƙofar kicin. Baba bai motsa ba. Direba ma bai mayar da hularsa ba, rana na dukan kansa. Can Baba ya miƙa hannu.

Ya ɗauki almakashin ya fara, askin ya karkace. Da ya gama, ya riƙe madubi a gaban abokinsa, ya sunkuyar da kai.

"Ɗago ka dube ni," in ji Direba. Yana shafa ƙeya, bakinsa har kunne. "Ka ga ango. Na gode, mutumina."

Baba ya dube shi sosai. Sannan ya kakkaɓe masa kafaɗa da tawul, yadda ya saba.

"Gefen hagu bai yi ba. Ka dawo jibi in gyara." Ya juya wajen kicin. "Auta, akwai sauran abincin nan? Zubo mana, mu biyu."