Ranar da Taraktan Hambali Ta Ƙi Tashi

Zahiru ya sake murɗa makulli, tarakta ta ce ƙas, ta yi shiru. Karo na shida ke nan.

A cikin tirelar da ke baya, maƙwabcinsa Hambali na kwance kan katifa, matarsa Zaituna ta tallabe kansa. Tun hantsi ƙirji ya riƙe shi. Ruwan kwana uku ya mayar da hanyar Garu zuwa Malanbil laka zalla, babu babur ɗin da zai ɗauki marar lafiya ya kai asibiti. Tsohuwar taraktar nan kaɗai za ta iya ratsawa, kuma shekara ashirin babu wanda ya taɓa tuƙa ta sai Hambali. Shi Zahiru manomin albasa ne, babur kawai ya sani.

Hambali ya ce a kunna fitila. Ta kama da haske sosai. Ya ce to ba batir ba ne. Duk da haka ya sa Zahiru ya kankare bakin wayoyin batir da wuƙa, ya ɗaure su tam. Aka murɗa, ƙas.

"Maƙwabci, bar makullin kontak ɗin nan," in ji Hambali, yana jan numfashi da ƙyar. "Wayar da ka zuwa demarar ta, na'urar tada inji, ita ta ruɓe. Hidda giya tukuna. Ɗauki ƙarhe ka haɗa ƙusoshin nan biyu na bisa demarar."

Zahiru ya durƙusa cikin laka. Ya taɓa ƙusar da ba ita ba, wuta ta yi tartsatsi, ya ja baya. Ya tambaya ko ta dama ce ko ta hagu, bai ji amsa ba, ya ɗauka muryar ce ba ta iso ba. Ya gwada ta hagu. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, baƙin hayaƙi ya tashi.

Ya zagayo da gudu zai hau kujera, sai ya ga Zaituna tana jan mayafinta tana rufe fuskar mijinta.

"Kashe ta, Zahiru," ta ce. "Ba mu tahiya."

Ya zare makulli, injin bai mutu ba. Ya lalubi ko'ina, bai san abin da ake ja a kashe shi ba. Maza suka zo suka sauke Hambali, suka shige da shi gida. Har aka ɗebo ruwan wanka taraktar na tsaye a ƙofar gida tana ruri a hankali, takalman Hambali na karkarwa a bakin tirela.